Kunyar da ta Ci Ƙafar Hamma

Sallama gare ku, masu bibiyar wannan labari nawa. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn nan da ta ce wai na cika yabon Dalhatu kamar ni na haife shi. To, 'yar nan, ki yi mini uzuri. A lokacin ina budurwa, ina koyarwa a firamare, kuma kaf layinmu a Kumbiya-Kumbiya babu mai saurayi da besfa sai ni. Ke ma da kin yaba. Amma yau ba yabo ya kawo ni ba. Abin da zan ba ku, duk da furfurar da ke kaina yanzu, in na tuna shi sai raina ya ɓaci.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Barira. Mu biyu Iya ta haifa, ni da yayana Bamanga, wanda nake kira Hamma. Mahaifinmu ya rasu tun muna ƙanana. Hamma bakanike ne a wani gareji a Bolari, kuma shi ne cinmu, shi ne shanmu. A shekarar da aka ƙara jihohi aka haɗa mu da Bauchi, lokacin da arzikin fetur ya sa kowane ma'aikaci ya sayi abin hawa, jak ya zame da wata babbar motar auduga ta sauko masa a ƙafa. Abokan aikinsa suka yanko robar cikin taya suka ɗaure masa cinya tamau don jini ya tsaya, suka kai shi asibiti, suka kirawo Iya, suka koma bakin aikinsu. Ni ina Bauchi wajen kwas ɗin malamai, ban san wainar da ake toyawa ba.

Asibitin ba zan kama sunansa ba. Tun hantsi Hamma yake kwance a kan benci a baranda har rana ta faɗi, robar nan tana ɗaure, ba wanda ya kwance ta. Ina likita? An tafi wankan mota! Ya sayi sabuwar fijo, ya tara ma'aikata a gidansa da ke bayan asibitin, an yanka rago, garmaho yana tashi. Kafin a waiwayi Hamma ƙafa ta yi baƙi ƙirin, ta yi sanyi ƙalau. Washegari aka yanke ta daga saman gwiwa. Wani likita da ya duba shi daga baya a Jos ya ce karayar ba wata karaya ba ce, da an kwance ɗaurin nan da wuri da yanzu yana tafiya da ƙafarsa.

Ni na tsaya kai da fata sai an kai ƙara. Lauya Cornelius, mutumin Kaltungo, yayan wata abokiyar aikina, shi ya karɓi shari'ar. Matsalar ɗaya ce: Dalhatu akawu ne a wannan asibitin, ga shi manyansa sun riga sun zo gaisuwa, an sa rana bayan babbar sallah. Duk lokacin da na taɓo masa zancen sai ya ce, "Ni aikin ofis nake, Barira, ba ruwana da ɗakin marasa lafiya." Ni kuma da yake so ya rufe mini ido, na yarda.

Ran wata Juma'a da yamma Lauya Cornelius ya zo gidanmu. Na shimfiɗa masa tabarma a gindin dalbejiya, ya cire takalminsa ya zauna da kwat ɗinsa duk da zafin da ake yi. Hamma yana kan kujerarsa ta katako, sandunansa a jingine da bango, ya naɗe ƙafar wandon da babu komai a ciki ya soke da fil. Iya kuwa tana bakin ƙofar ɗakinta, ta ba mu gefe.

"Malama Barira, mutanen asibitin sun ba da amsa," in ji lauya. "Kuma amsar ba daɗi."

"Faɗi kawai, Lauya."

"Sun ce ba su san abin gaggawa ba ne. Wai matar da ke tare da shi ta zauna can nesa, ta juya masa baya. Nas ta tambaye ta ko ɗanta ne, ta ƙi amsawa. Ta tambayi sunansa, ta ce a tambayi wani. Ta ce ya jikin nasa, ta ce da sauƙi. Sun ce in uwa ba ta ɗaga hankalinta ba, don me su za su ɗaga nasu?"

Wallahi sai da na ji kamar an watsa mini ruwan kwata a fuska. Tir! Ku 'yan yanzu da kuke rungume 'ya'yanku na fari kuna ɗaukar hoto ba lalle ku gane ba. A gidajenmu uwa tana kunyar ɗan fari. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin Iya ta kama sunan Hamma ba, sai dai "wancan" ko "mai gareji". Ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta zama kusa da shi, in an yabe shi tashi take ta bar wurin. A hannun kakarmu ma ya tashi. Kuma babu wanda ya sha ruwan Gombe da bai san wannan ba. Nas ɗin da ta yi tambayar, na rantse ita ma haka uwarta take yi wa yayanta. Sun sani sarai. Sun rasa abin da za su rufe ƙazantarsu da shi, sai suka jawo gyalen tsohuwa.

"Ita ƙafar da ke ɗaure da roba fa?" na ce. "Ita ma kunya take ji? Ba su da ido ne?"

"Abin da zan faɗa wa alƙali ke nan ranar Litinin," in ji shi. "Amma dole Mama ta tsaya ta yi magana da bakinta. Kuma da za mu samu ko mutum ɗaya daga cikin ma'aikatan da zai ce ya gan shi kwance da rana tsaka, da an gama. Na zagaya, kowa ya ce ba ya nan."

Na dubi Iya. Ta miƙe a hankali ta shige ɗaki ta saki labule.

Washegari da safe sai ga Baffa Hudu, ƙanen mahaifinmu. Mutumin da tun da aka yanke ƙafar Hamma sau nawa ma ya leƙo? Amma ranar ya sha babbar riga fara sol, ga carbi, ga jan goro a haƙora. Ya zauna ya yi gyaran murya kamar mai shirin huɗuba.

"Barira, ke ce kika zama namijin gidan nan, ko?"

"A'a, Baffa."

"To, me ya kai jikar Malam gaban alƙali? Abin da Allah ya ƙaddara sai ki ce sai an biya ki? Kuma ki ɗauki uwarki, matar da ko kasuwa ba ta zuwa, ki tsayar da ita gaban maza ta kama sunan ɗanta na fari? Da wane ido za mu dubi jama'a?"

A raina na ce, da idon da kuke duban gurgu mana. A fili kuwa na sunkuyar da kai ina wasa da bakin zanena.

"Mutanen Dalhatu sun same ni jiya," ya ci gaba. "Likitan nan uban ɗakinsa ne, shi ya sama masa aikin. Ba za a yi kuna shari'a da shi kuma kuna ɗaura aure da yaronsa ba. Likitan mutumin kirki ne, ya ce zai sa a yo wa Bamanga ƙafar katako daga Kano, kuma a ɗauke shi gadi a asibitin. Me kuma ake nema?"

Hamma ya yi wata 'yar dariya da ta fi kuka ciwo. "Gadi, Baffa? In ɓarawo ya ruga, da me zan bi shi?"

"Kai, rufe mini baki! Da kai nake magana?"

Ku ji fa. Mai ƙafar ma ba shi da bakin magana a kan ƙafarsa. Baffa ya karkaɗe rigarsa ya ce kafin Litinin yana so ya ji an janye, in ba haka ba a nemi wani waliyyin, shi ya cire hannunsa.

Ba zan yi muku ƙarya ba, jikina ya yi sanyi. Ina son Dalhatu. A zamaninmu babu wayar da za a kwana ana latsawa. Kati yake aikawa gidan rediyo, ran Lahadi in kasa kunne, sai in ji an ce Dalhatu Akawu Gombe yana gaida Malama Barira Kumbiya-Kumbiya, ya ce ta sha kuruminta. Washegari har 'yan ajin da nake koyarwa sai sun san an gaishe ni. Na riga na zaɓi atamfar da ƙawayena za su yi anko da ita. Na riga na ga kaina a bayan besfa, gyale yana kaɗawa.

Hamma ya lura. Ya kira ni da hannu, na je na durƙusa kusa da kujerarsa.

"Barira, in dai aurenki ne, a bar maganar. Ko alƙali ya ce mu ne da gaskiya, ƙafa ba za ta tsiro ba."

"Hamma, su ce Iya ce ta jawo, mu yi shiru?"

"To, ya za a yi? Kar a yi asara biyu a gida ɗaya."

Ya faɗa yana kallon hannayensa. Hannayen da ban taɓa ganinsu babu baƙin mai ba, ga su yau fes kamar na malamin makaranta. Na tashi da sauri don kar ya ga hawayena.

Ɗakin Iya na shiga. Tana zaune a ƙasa gefen gadonta na ƙarfe, ƙarƙashin jeren kwallayenta, tana kaɗa zare da mazari. Tun da abin nan ya faru ta rame, wuyanta ya zama kamar na kaza, abinci sai an yi da gaske take kai loma biyu. Na zauna a gabanta.

"Iya, don Allah ki gaya mini. Yini guda kina zaune. Ko sau ɗaya ba ki tashi kin yi musu ihu ba?"

Mazari ya ci gaba da juyawa.

"Ba laifinki nake gani ba, wallahi. So nake in sani."

"Na tashi," ta ce, ba ta ɗago ba. "Da abin ya yi tsanani wancan ya fara kiran sunan Allah, na miƙe zan je in kama ƙafar ko wace ce na samu. Kunya ta ci gidansu. Har na taka."

"Sai me?"

"Sai ga yaron nan naki ya fito daga ofis."

"Wane yaro, Iya?"

"Kina da wani ne bayan shi? Wajen azahar ne. Yana ɗauke da kwalaben lemo a akwati. Ya tsaya cak. Ya dubi wancan, ya dubi ƙafar, ya dube ni. Ni kuma na ja gyale na rufe fuska, ai suruki ne. Na koma na zauna. Na ce a raina alhamdu lillahi, tunda na gida ya gani, an gama, yanzu zai turo likita." Zaren ya tsinke a hannunta, ta tsaya tana kallonsa. "Shi nake jira, Barira. Duk zaman nan da suke faɗa, shi nake jira. Da la'asar ya sake wucewa da nama a takarda, ya bi ta bayan ginshiƙi."

"Iya! Kika yi shiru duk watannin nan?"

"In faɗa in kashe miki aure? Na ɗaya ya nakasa, in nakasa ta biyu?"

Ta sa gefen zanenta ta toshe bakinta, kafaɗunta suna girgiza. Ban rarrashe ta ba, don ni ma ba ni da bakin rarrashi. Abin da ya dinga dawo mini shi ne fuskar Dalhatu ranar da na dawo daga Bauchi. Shi ya tarye ni a tasha. Shi ya kai ni gadon Hamma, da ledar lemu a hannunsa, yana girgiza kai yana cewa, "Kai, da ma ina nan ranar! An aike ni baitulmali." Bayan nan sau nawa ya ci tuwon gidanmu? Iya da kanta take tuƙawa, ta zuba masa man shanu, ta ba ni in kai masa zaure. Ya ci ya suɗe kwano ya yi gyatsa. Na fita bayan ɗaki na tofar da miyau, na sake tofarwa, bakina bai daina ɗaci ba.

Na san zai zo bayan la'asar, don Asabar ranar zancenmu ce. Na yi wanka na ɗauko atamfata shuɗiya mai zanen ganye, wadda yake cewa ta fi karɓata. Na sa kwalli, na kafa ɗauri, na sa takalmina mai tudu. Kar ku tambaye ni dalili. Ina jin so nake ya kalli abin da zai rasa da kyau.

Ƙarar besfa ta tsaya a ƙofar gida. Na same shi a zaure ya harɗe a kan tabarma, wando mai faɗin ƙafa, riga mai ƙaton kwala a buɗe har ƙirji, gashi an taje shi ya yi tozo. Ƙamshin turarensa da a da nake shaƙa har cikin raina, ranar sai ya bugi hancina kamar warin maganin asibiti.

"Ranki ya daɗe, amarya," ya ce yana murmushi. "Yau kuma kashe ni za a yi?"

"Sannu da zuwa."

Ya turo mini wani ƙunshi. "Leshi ne, daga Legas aka kawo wa matar oga, na ce sai an rage wa tawa."

Ban taɓa ba. Na zauna a can ƙarshen tabarma.

"Baffa ya zo, ko?" ya ce. "Barira, ki taimake ni ki taimaki kanki. Maganar nan in ta je kotu, Iya za a wulaƙanta. Lauyansu ba shi da mutunci, zai yi ta juya ta har ta yi kuka. Kuma tsakani da Allah, ai ita ma da nata. Da ta yi magana ranar nan, da wani ya duba."

"Wani kamar wa?"

"Ko wa ma. Ma'aikata ai suna da yawa."

"Kamar mai ɗauke da akwatin lemo?"

Murmushin ya tsaya a fuskarsa kamar an manna shi. Ya kai hannu ya gyara kwalar rigarsa, wadda ba abin da ya same ta.

"Ban gane ba."

"Ka gane. Baitulmalin ne a bayan asibiti? Can ake raba nama a takarda?"

Ya yi tsuru-tsuru, ya leƙa ƙofar waje, ya leƙa ta cikin gida, sannan ya rage murya. "Iya ce ta faɗa miki?"

"Amsa za ka ba ni, Dalhatu. Ka gan shi ko ba ka gan shi ba?"

"Na gan shi. Amma ki tsaya ki ji. Ke ma kin san al'ada. Tana ganina ta rufe fuska. Ya zan yi in tunkari surukata a bainar jama'a? Kunya na ji, wallahi."

"Hamma ma surukarka ce? Likitan ma surukarka ce? Taku nawa ne daga barandar zuwa inda kuke cin rago?"

"Haba, Barira! Oga yana tsakiyar baƙi, har da manya daga Bauchi. In je in ce ya ajiye nama ya taso? Ni wa? Kin san yadda na samu aikin nan kuwa? Na ɗauka nas za ta duba. Ban san abin zai kai haka ba."

"Da la'asar da ka bi ta bayan ginshiƙi fa, shi ma ba ka sani ba?"

Gumi ya tsattsafo masa a saman leɓe. Na kalle shi sama da ƙasa, mutumin da na yi niyyar haifa wa 'ya'ya, na ji kamar na ɗaga murfin kwano na tarar da tsutsa. Ba tsoron da ya ji ranar ne ya fi ƙona mini rai ba, kowa yana iya jin tsoro. A'a, bakin da ya buɗe yanzun nan ya ce Iya ma da nata, alhali ya san shi tsohuwar take jira.

"Lauya yana neman ma'aikaci ɗaya da ya ga Hamma da rana," na ce. "Na samo masa."

Ya zabura ya miƙe. "Ba ki da hankali ne? Korata za su yi!"

"Sai a ɗauke ka gadi. Kai ai kana da ƙafar bin ɓarawo."

"Barira, in kika kai sunana, wallahi babu aure. Ki yi tunani. Duk garin nan an san an sa mana rana. Wa zai kwashe ki bayan kin kai miji kotu?"

Na ji maganar har cikin ƙashina, ba zan ɓoye muku ba. Na san gobe Baffa zai zo ya yi mini tas, na san matan layinmu za su samu abin tauna har shekara ta zagayo, na san ran Lahadi rediyo zai gaida kowa ban da ni. Na miƙe, na sa ƙafa na tura masa leshinsa har ya taɓa takalminsa, na gyara gyalena. Ofishin Lauya Cornelius yana Bolari, kuma na san ba ya rufewa sai magariba.

"Ina za ki?" ya ce, muryarsa ta koma kamar ta yaro.

"Ka zo da wuri ranar Litinin," na ce masa daga bakin ƙofa. "Kuma kar ka ji kunyar komai. Iya za ta rufe fuskarta."